Ɗanyen man Nijar: Abin da taurarin ɗan Adam ke gani a tashar Sèmè, da abin da ya fi ƙarfin idonsu

Tun daga ranar 1 ga watan Nuwamban 2023, lokacin da Faraminista Ali Mahaman Lamine Zeine ya ƙaddamar da bututun ɗanyen mai a Koulele, cikin yankin Agadem na jihar Diffa, tambaya guda ce ke yawo a bakin 'yan Nijar, daga fadodin shayi na birnin Yamai har zuwa kasuwar Dole ta Damagaram: ganga nawa ke fita, kuma nawa ke shigowa baitulmali? Ba kasafai talaka ke samun amsar dalla-dalla a kan kari ba. Sai dai akwai wasu mutane a biranen Landan, Paris, Geneva da Singapo, waɗanda ba su taɓa taka ƙasar nan ba, amma suna da amsar rabin tambayar kusan kowane mako. Daga sama suke kallo, ta hanyar hotunan taurarin ɗan Adam, kuma sayar da abin da suka gani shi ne sana'arsu.

Wannan sana'a ta auna mai daga sararin samaniya ta bunƙasa ne cikin shekaru goma da suka wuce, har ta kai yanzu manyan 'yan kasuwar mai, bankuna da hukumomin leƙen asiri ba sa yanke shawara sai sun duba ta. Ga ƙasa irin Nijar, wadda ba ta da teku, wadda kuma arzikinta ke ratsa kusan kilomita 2,000 kafin ya isa gaɓar ƙasar Benin, sanin yadda wannan ido ke aiki ya zama dole.

Inuwar da ke tona asirin tanki

Dabarar ta farko mai sauƙin fahimta ce. Galibin manyan tankunan da ake ajiye ɗanyen mai a tashoshin fitarwa da matatu suna da rufi mai shawagi, wato murfin yana zaune ne kai tsaye a bisa man, kamar faifai a kan ƙwaryar fura. In mai ya ƙaru murfin ya hau, in ya ragu ya sauka. An yi hakan ne don kada a bar sarari tsakanin mai da rufi inda tururi zai taru, domin tururin asara ne, kuma yana iya tayar da gobara.

To, a nan asirin yake tonuwa. Idan rana ta haska tankin daga gefe, inuwa biyu ke fita. Ɗaya a waje, a ƙasa, wadda ke nuna tsayin tankin baki ɗaya. Ɗayar kuma a ciki, inda bangon tankin ke jefa inuwa a kan murfin, mai siffar jinjirin wata. Tankin da ya cika maƙil kusan ba shi da inuwar ciki, saboda murfin yana can sama daidai da baki. Wanda ya kusa ƙarewa kuwa inuwarsa ta ciki faffaɗa ce. Da an kwatanta faɗin inuwar ciki da tsawon ta waje, kuma an san inda rana take a daidai mintin da aka ɗauki hoton, sai lissafi ya fito da yawan man da ke ciki.

Bari mu ɗauki misali don a gane girman abin. Tanki mai faɗin mita 80 da tsayin mita 20 yana ɗaukar kimanin ganga dubu 630, kowace ganga lita 159. Kenan kowace mita guda da murfin ya sauka, kusan ganga dubu 31 ne suka fita. Yanzu ba mutum ba ne ke zama yana auna tankuna ɗaya bayan ɗaya, kwamfuta ce aka koya wa gane da'irar tanki da siffar inuwa, tana bin dubban tankuna a ƙasashe daban-daban. A shekarar 2016 kamfanin Orbital Insight na Amurka ya ƙirga tankuna sama da 2,000 a ƙasar China ta wannan hanya, a daidai lokacin da Beijing ba ta cika bayyana yawan man da ta ɓoye ba. Tun daga nan kasuwa ta gane cewa zamanin rufa-rufa ya fara ja da baya.

Girgije, dare da jiragen da ke ɓad da sawu

Hoto irin na kyamara yana da rauni biyu: girgije da dare. Gaɓar tekun Gini, inda Sèmè take, wuri ne mai yawan hadari, musamman a damina. Ga shi kuma kusa da tsakiyar duniya ne, rana na tsayuwa kusan a tsakar ka, inuwa ta zama gajeriya. A Sahel kuwa, ƙurar hunturu kan dusashe hoto na kwanaki. Don haka aka koma ga rada. Tauraron rada yana aika siginarsa ne zuwa ƙasa ya saurari yadda ta dawo, ba ruwansa da hasken rana ko girgije. Ƙarfen bangon tanki da na murfi suna mayar da siginar da ƙarfi, kuma tazarar da ke tsakanin wuraren da suka haska ita ke nuna zurfin murfin. Kamfanoni irin su Ursa Space ta Amurka da Kayrros ta Faransa sun yi suna a wannan fanni.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wani ɓangare na waɗannan hotuna kyauta ne. Shirin Copernicus na Tarayyar Turai yana sakin hotunan taurarinsa ga kowa a intanet: Sentinel-1 mai rada, wanda aka fara harbawa a 2014, da Sentinel-2 mai kyamara, wanda ke komawa kan wuri guda kusan duk kwana biyar. Amurka ma ta buɗe taskar Landsat kyauta tun 2008. Sai dai kyauta tana da iyaka. A hoton Sentinel-2, ɗigo guda yana wakiltar mita 10 a ƙasa, wato tankin nan mai faɗin mita 80 ɗigo takwas ne kacal. Za ka ga tankin, za ka ga babban jirgin ruwa, za ka ga hayaƙin gobara, amma auna inuwa daidai sai da hoto mai kaifi. Taurarin kamfanin Planet suna ɗaukar kusan duk doron ƙasa kullum da kaifin kimanin mita 3, yayin da irin su WorldView-3 ke kaiwa santimita 30. Waɗannan kuwa sai da kuɗi, kuma masu tsada.

Dabara ta uku ita ce bin jiragen dakon mai. Dokar sufurin teku ta duniya ta wajabta wa manyan jirage kunna na'urar AIS, mai sanar da sunan jirgi, inda yake, da zurfin nutsewarsa a ruwa. Jirgin da ya iso ba kaya yana tsaye ne sama, in ya yi lodi sai ya nutse, kuma bambancin nutsewar yana nuna nauyin abin da ya ɗauka. Kamfanoni irin su Kpler da Vortexa daga wannan suke gina alƙalumansu. Masu kauce wa takunkumi, kamar jiragen da ke ɗaukar man Iran ko Venezuela, sukan kashe na'urar ko su sa ta riƙa nuna wurin ƙarya. A nan hoto ke raba gardama: na'ura ta ce jirgi yana gabas, hoto ya nuna shi ɗaure a bakin tashar lodi. Gani ya kori ji.

Ta huɗu ita ce wutar iskar gas da ake ƙonawa a filayen haƙar mai. Na'urar VIIRS da ke kan taurarin Amurka tana ganin zafin wannan wuta da dare, kuma da bayananta Bankin Duniya ke fitar da rahotonsa na shekara-shekara kan ƙona gas. In wutar wani fili ta dusashe ko ta mutu, alama ce aikin haƙa ya ragu ko ya tsaya.

Darussa huɗu daga wasu wurare

A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da motoci da jiragen sama, idon duniya ya koma kan wani ƙaramin gari mai suna Cushing a jihar Oklahoma ta Amurka, inda tankunan da ake miƙa man kasuwar Amurka suke. Hotuna sun riƙa nuna murafe suna hawa mako bayan mako. 'Yan kasuwa suka ga wurin ajiya na shirin ƙarewa, kuma a ranar 20 ga Afrilu farashin ganga ya faɗi ƙasa da sifili, ya rufe a kan dala 37.63 na bashi. Wato mai mai ne ke biyan wanda zai karɓe masa. Darasin shi ne, man da ba shi da wurin zama kaya ne a wuya.

Kafin wannan, a ranar 14 ga Satumban 2019, an kai hari da jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami kan cibiyar Abqaiq da filin Khurais na Saudiyya. Ganga miliyan 5.7 a rana suka tsaya, kusan kashi 5 cikin ɗari na man duniya. 'Yan Houthi na Yaman suka ce su ne, Amurka da Saudiyya suka ɗora wa Iran. Gwamnatin Amurka ta saki hotunan tauraron ɗan Adam masu nuna ramukan da aka huda a jikin tankuna, kuma a makonnin da suka biyo baya masu sharhi sun riƙa gwada alƙawarin kamfanin Aramco na gyara cikin gaggawa da abin da hotuna ke nunawa. Daga ranar, ko kamfani mafi girma a duniya ya san maganarsa kaɗai ba ta isa ba.

A watan Oktoban 2024, lokacin da ake fargabar Isra'ila za ta kai hari kan cibiyoyin man Iran, masu bin jirage na TankerTrackers suka lura manyan jiragen Iran sun watse daga inda suka saba jira a kusa da tsibirin Kharg, wanda kusan kashi 90 cikin ɗari na ɗanyen man ƙasar ke fita ta cikinsa. Ba wata sanarwa daga Tehran, amma hoton teku wayam ya faɗi abin da ke zuciyar hukumomi.

Misali na huɗu ya fi kusa da mu. A farkon watan Mayun 2025, jirage marasa matuƙa da aka ɗora wa rundunar RSF alhakinsu sun afka wa Port Sudan, rumbunan mai suka yi kwanaki suna ci da wuta, kuma daga sama aka ga baƙin hayaƙi ya miƙe kan Bahar Maliya. Wanda hankalinsa ya fi tashi har da Sudan ta Kudu, ƙasar da ita ma ba ta da teku, wadda manta ke bi ta bututun Sudan zuwa tashar Bashayer. Dama bututun ya lalace a watan Fabrairun 2024 saboda yaƙi, aka yi kusan shekara guda galibin manta ba ya fita, ma'aikatan gwamnati suka yi watanni ba albashi. Duk ɗan Nijar da ya kalli wannan ya san abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba.

Tankunan Sèmè, agogon rikicin Yamai da Kwatano

Mu dawo gida. Bututun da kamfanin CNPC na China ya gina ta hannun reshensa WAPCO an tsara shi ne ya kai ganga dubu 90 a rana zuwa Sèmè-Kpodji, kusa da Kwatano, ban da ganga dubu 20 da ke zuwa matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011. A Sèmè ana tara man a tankuna, sannan a tura shi ta bututun ƙarƙashin ruwa zuwa wurin lodi da ke cikin teku. Jirgin da aka saba aikowa yana ɗaukar kimanin ganga miliyan 1. Lissafin bai buƙaci digiri ba: in bututun na aiki da cikakken ƙarfinsa, kusan duk kwana 11 ya kamata jirgi ɗaya ya tashi, wato biyu zuwa uku a wata. Duk wanda ke ƙirga jiragen da suka tsaya a wurin lodin, ya san kimanin abin da ya fita.

Abin da ya faru a 2024 ya nuna amfanin wannan ƙirga. Bayan ECOWAS ta ɗage takunkumi a watan Fabrairu, Benin ta buɗe iyakarta, Nijar kuwa ta bar gadar Gaya zuwa Malanville a rufe, tana mai kafa hujja da tsaro. A ranar 8 ga Mayu Shugaba Patrice Talon ya tabbatar da cewa ya hana jirage lodin man Nijar. Bayan shiga tsakanin China, aka bari jirgin farko ya yi lodi a tsakiyar watan. Ranar 5 ga Yuni aka kama 'yan Nijar biyar a tashar Sèmè, daga baya kotun CRIET ta yanke wa uku daga cikinsu ɗaurin watanni 18 na jeka-ka-gyara-halinka. Yamai ta rufe famfunan bututun. Ana cikin haka, ƙungiyar 'yan tawaye ta FPL ta yi iƙirarin fasa wani sashe na bututun a daren 16 ga Yuni. Tsofaffin shugabannin Benin, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka zo Yamai sasanci, kuma sai a watan Agusta jirage suka koma lodi.

A irin wannan takaddama, tanki agogo ne. In jirage ba sa zuwa, tankuna na cika. In sun cika, dole bututu ya tsaya. In bututu ya tsaya, rijiyoyin Agadem ma sai an rage su ko an rufe. Wanda ke ganin matsayin murafen tankuna ya san kwana nawa suka rage kafin wani ɓangare ya fara jin jiki, kuma wannan sani makami ne a teburin tattaunawa. Kamfanin da ke gudanar da tashar ya sani, domin shi ke riƙe da ma'auni. Ƙasar da tashar ke cikinta tana iya gani da idonta. Ɗan kasuwar da ke Geneva ya sayi hoton. Wanda ya fi kowa zama cikin duhu shi ne mai dukiyar, wato ɗan Nijar da ke layin esansi a Maraɗi ko Tawa.

Kuma kuɗin da ake magana ba na wasa ba ne. A watan Afrilun 2024 Nijar ta karɓi bashin dala miliyan 400 daga CNPC, kimanin biliyan 240 na CFA, da kuɗin ruwa kashi 7 cikin ɗari, bisa sharaɗin biya da mai cikin shekara guda. Janar Abdourahamane Tiani ya faɗa a watan Disamban 2023 cewa rabon Nijar a man da za a fitar kashi 25.4 cikin ɗari ne. Kashi 25.4 na ganga dubu 90 ya kama kimanin ganga 22,860 a rana. Mu ƙaddara, don misali kawai, ganga tana dala 70: kenan kimanin dala miliyan 1.6 a rana. Da wannan lissafi, biyan uwar kuɗin kaɗai zai cinye rabon ƙasar na kusan kwana 250, in har bututun bai tsaya ko na yini guda ba. To ka ga, watanni biyu na rufe famfo suna nufin ganga sama da miliyan 5 da za su iya fita amma ba su fita ba, kuɗin ruwa kuwa bai san an rufe famfo ba.

Dangantaka da kamfanonin China ma ta yi tsami a watan Maris na 2025, lokacin da gwamnati ta umarci manyan jami'ai uku na CNPC, WAPCO da SORAZ su bar ƙasar, a kan batutuwan da suka haɗa da bambancin albashi tsakanin Sinawa da 'yan ƙasa. Duk ƙasar da ke son sake zama da abokin hulɗarta don gyara yarjejeniya, abu na farko da take buƙata shi ne alƙaluman kanta, waɗanda ba daga hannun abokin hulɗar suka fito ba.

Ido ba mudu ba ne

Hausawa suka ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Karin maganar ta dace da wannan fasaha ta ɓangarori biyu. Ta san ƙima, amma ita ba mudu ba ce, kuma kuskure ne a ɗauke ta a matsayin mudu.

Na farko, akwai ajiyar da ba ta da murfi mai shawagi. Tankuna masu kafaffen rufi, irin waɗanda ake yawan zuba gazuwal da kananzir a cikinsu, kamanninsu ɗaya ne daga sama ko cike suke ko wayam. Don haka hoto ba zai gaya maka yawan tataccen man da ke rumbunan SONIDEP ba, kuma ba lallai ya hango ƙarancin mai irin wanda aka sha a gidajen mai a watan Maris na 2025 ba. Amurka tana ɓoye man ko-ta-kwana a kogunan gishiri na ƙarƙashin ƙasa a jihohin Texas da Louisiana, ba abin da tauraro zai gani. Man Chadi kuma, wanda ke bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kribi ta Kamaru tun 2003, ana tara shi ne a cikin wani ƙaton jirgin ajiya da ke tsaye a teku. A can babu inuwar jinjirin wata, sai dai a ƙirga jiragen da ke zuwa ɗauka.

Na biyu, akwai kuskuren awo. Mun ga cewa mita guda a babban tanki ganga dubu 31 ce, wato kimanin kashi ɗaya cikin uku na abin da bututun Nijar ke kawowa a yini. Ɗan kuskure a inuwa, ko ruwan da ya kwanta a gindin tanki, ko hoton da ya kwana huɗu, duk suna iya karkatar da lissafi. Fasahar ta fi ƙarfi wajen nuna alkibla, ana cika ko ana ragewa, fiye da ba da adadi na ganga-ganga.

Na uku, ƙananan abubuwa suna kuɓuce mata. A watan Oktoban 2022 shugaban kamfanin NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya shaida wa majalisar Najeriya cewa an gano wani haramtaccen bututu mai tsawon kilomita 4 a yankin Forcados, da ya yi shekara tara ana satar mai ta cikinsa zuwa teku. Taurari suna ta wucewa a sama duk tsawon shekarun. Bututun da aka binne, ko wanda ke ƙarƙashin ruwa da kurmi, hoto ba ya ganinsa, sai dai in ya fashe mai ya malala.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, tauraro ba ya karanta takarda. Yana ganin jirgi ya tashi, amma bai san a kan wane farashi aka sayar ba, ko an yi ragi, ko wa ya saya, ko nawa aka cire da sunan kuɗin haƙa, kuɗin bututu, kuɗin ratsa ƙasar Benin da biyan bashi kafin a zo kan rabon gwamnati. A tarihin ƙasashe masu arzikin mai, kuɗi sun fi salwanta a cikin waɗannan takardu fiye da a cikin tankuna. Shi ya sa muka ce rabin tambayar kawai ake amsawa daga sama.

Akwai kuma haɗari. Hoton da ɗan jarida zai duba don bin diddigin dukiyar jama'a, shi ne mai neman kai hari zai duba don zaɓen inda zai bugi. Hare-haren da Yukren ke kai wa matatu da tashoshin man Rasha, da na Port Sudan, sun nuna cewa rumbun mai ya zama abin hari na farko a yaƙin zamani. Ga bututu mai tashoshin turawa a tsakiyar daji da hamada, wannan abin damuwa ne na gaske. Sai dai hana 'yan ƙasa kallo ba ya rufe idon baƙo, domin taurarin ba na Nijar ba ne, kuma ba sa neman biza kafin su wuce. Ƙari ga haka, a wannan zamani na hotunan bogi da ake haɗawa da kwamfuta, duk hoton da aka yaɗa a WhatsApp ko Facebook da sunan "hoton tauraron ɗan Adam" ya kamata a tambayi ranar ɗaukarsa, da tauraron da ya ɗauka, da ko akwai hoton wurin na kafin abin ya faru.

Abin da ke hannunmu

Nijar ba baƙuwa ba ce a harkar amfani da hotunan sama. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa tun 1974, ta daɗe tana amfani da su wajen bin damina, makiyaya da amfanin gona a faɗin Sahel. Jami'ar Abdou Moumouni tana da masana taswira, makarantar EMIG tana yaye injiniyoyin ma'adinai. A watan Nuwamban 2024 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan sayen taurari uku, ɗaya na sadarwa, ɗaya na ɗaukar hoto, ɗaya na rada. Kafin waɗannan su tashi sama za a ɗauki shekaru, kuma ko sun tashi, ƙarfe ne kawai in babu masu karanta abin da suka aiko. Horar da matasa goma ko ashirin su iya haɗa hotunan Copernicus na kyauta da bayanan jirage, su fitar da rahoton wata-wata kan Sèmè da Agadem, bai kai kuɗin babbar mota ɗaya ta ayarin manya ba. Ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB da gidajen jaridu masu zaman kansu ma za su iya fara wannan da kwamfuta da intanet mai kyau.

Sauran rabin amsar kuwa yana cikin aljihun tebur a ma'aikatar man fetur da ta kuɗi. Kundin tsarin mulkin 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ya tanadi a ayarsa ta 150 cewa a wallafa yarjejeniyoyin haƙar ma'adinai da kuɗin da kowane kamfani ya biya a jaridar gwamnati. Nijar ta fice daga shirin ITIE na bayyana kuɗin ma'adinai a 2017, ta koma a 2020. Jingine kundin bai kashe hikimar da ke cikin ayar ba. Hukumomin da suka ɗauki 'yancin cin gashin kai da mallakar arzikin ƙasa a matsayin takensu, ba abin da zai fi ƙarfafa maganarsu kamar fitar da jadawali mai sauƙi duk ƙarshen wata: ranar da jirgi ya yi lodi, ganga nawa ya ɗauka, a kan nawa aka sayar, nawa aka cire, nawa ya shiga asusun ƙasa, nawa ya rage na bashi. Haka kuma samun ma'aikatan awo na ƙasa, masu na'urorinsu, a bakin bututun a Koulele da ƙarshensa a Sèmè, ya kamata ya zama sharaɗi a duk wata sabuwar fahimta da Kwatano da kuma CNPC.

Adadin gangunan da ke fita daga Sèmè ya riga ya zama hajar sayarwa a kasuwannin duniya, ko an so ko ba a so. Abin da ya rage ga magabata su yanke shawara a kai shi ne ko ɗan Nijar zai riƙa jin labarin mansa daga bakin gwamnatinsa, da cikakkun alƙaluma, ko kuwa zai ci gaba da tsintarsa a rahoton wani kamfani na waje, bayan masu kuɗi sun riga sun gama cin ribar sanin.